Dutsen Taimamar Tanti Haulatu

“Muddin ina shugabancin wannan ƙungiya, ɗakin nan na duwatsun Malama ne. Ko tsakuwa ɗaya ba mai fitarwa.”

Yayana, Alhaji Shamsuddin Harisu, shi ya faɗi haka da lasifika a hannunsa, a farfajiyar makarantar ƙungiyarmu ta ’yan kasuwa da ke unguwar Adjamé a Abidjan, ranar walimar da aka shirya wa Malama Haulatu da ta ajiye koyarwa. Ina wurin, ni ma na raba lemo. An tafa masa har ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Na sa maganar tasa a sama don kada ya ce na ƙara ko na rage, kuma zan komo kanta. Amma ba dominsa na zauna rubutu ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malama Haulatu Abdulbaqi a wani asibiti da ke unguwar Treichville, bayan jinyar da ta sha tun kafin azumi. Ta rasu tana da shekara sittin da tara. Washegari bayan sallar Juma’a aka kai ta makwancinta. Mu a Adjamé ba mu cika kiranta Malama ba. Tanti muke ce mata, yara kuma su ce Tanti mai duwatsu.

Tanti, a Damagaram aka haife ki, mahaifinki mai fataucin goro ya kawo ki Abidjan kina ƙarama. Kin sha ba mu labarin makonki na farko a garin nan, yadda kika ga ƙadangare a kan katanga kika duƙa ki ɗauki dutse ki jefe shi, kika duba gabas da yamma ba ki samu ba, sai yashi da gutsuren bulo. Kika fashe da kuka. Mutanen gida suka ɗauka kewar kakarki ce, alhali duwatsun garinku kike wa kuka, waɗanda kuke hawa kuna ɓuya a tsakaninsu. Daga baya da kika shiga jami’a kika karanci ilmin ƙasa, kin gano dalili: garin nan a kan yashi da laka ya zauna. Kullum kina ce mana, “Duk dutsen da kika gani a Adjamé, wani ne ya kawo shi.” Kin yi aiki a wani ɗakin gwaji kusa da tashar jiragen ruwa, kina auna ƙarfin tsakuwar da ake gini da ita, sannan kika bar wannan albashi kika dawo makarantar ƙungiya kina koyar da ’ya’yan masu goro da masu atamfa. An yi miki surutu. Kika ce siminti ba ya tambaya, yara kuwa suna yi.

Ina cikin yaran nan. Ranar da kika fara shigowa ajinmu, ba da littafi kika zo ba, da gwangwani biyu na man kaɗe kika zo. Kika ce jiya kin narka man a tukunya ɗaya kika raba shi biyu: ɗaya kika tsoma gwangwanin cikin ruwan ƙanƙara, ɗayan kika naɗe shi da tsumma kika bar shi ya huce a hankali. Kika sa kowa ya lakata. Na ƙanƙara sumul yake, na tsumman kuwa tsaki-tsaki ne a yatsa. Ba wadda ba ta san haka ba a cikinmu, iyayenmu mata duk sun san man da ya yi tsaki. Abin da ba mu sani ba shi ne dutse ma haka yake yi.

Kika ce can ƙarƙashin ƙasa, nesa ƙwarai, akwai wuraren da zafi ke narka dutse, shi ne ake ce wa magma. Narkakken ya fi abin da ke kewaye da shi rashin nauyi, saboda haka yana neman hanyar hawowa. In ya tsaya a hanya, ƙasa ta lulluɓe shi, sai ya yi dubban dubban shekaru yana hucewa, ƙwayoyin cikinsa su sami lokacin girma. Kika ɗaga wani dutse mai ɗigo-ɗigo, fari da ja-ja da baƙi mai ƙyalli, kika ce, “Ga na tsumma. Sunansa garanit.” In kuwa ya fasa ya fito sarari, iska ko ruwa su same shi, sai ya daskare da wuri, ƙwayoyin ba su girma har ido ya gan su ba. Kika ɗaga wani baƙi wuluk, kika ce, “Ga na ƙanƙara. Bazalt.” In sanyin ya fi haka gaggawa, ba ƙwaya ko ɗaya, sai ya zama baƙin gilas mai yanka kamar reza. In kuma ya fito da kumfa ya daskare da kumfar a cikinsa, sai ya zama kamar burodi. Wannan na ƙarshe kika jefa cikin bokitin ruwa, ya ƙi nutsewa. Ihun da muka yi sai da malamin Larabci ya bar ajinsa ya leƙo.

Ni tun ina yarinya bakina ba ya rufuwa. Na ɗaga hannu na ce, in da gaske a ƙarƙashin ƙasa garanit ya huce, me ya sa na Damagaram da kike ba mu labari suke zaune a sarari har awaki na hawa? Na zaci za ki ce na cika surutu, don haka sauran malamai ke cewa. Kika ajiye alli kika ce, “Alhamdu lillahi, yau na yi ciniki.” Kika bayyana mana cewa ba su suka hau ba, abin da ya rufe su ne ruwa da iska suka yi ta kwashewa har suka tone su, ruwa kuma ya bi tsagoginsu ya cinye kusurwoyin, shi ya sa suka zama dunƙule-dunƙule kamar an ɗora su da hannu. Kika ce dutsen nan mai kama da haƙori na garin Man, can yammacin ƙasar nan, shi ma tone shi aka yi. Daga ranar kika soma ara mini littattafai. Yau atamfa nake sayarwa a kasuwar Adjamé, amma duk abin da na karanta a rayuwata, daga wannan tambaya ya faro, da yadda kika karɓe ta.

Ba a aji kaɗai kike koyarwa ba, kuma ba kya duba ko lokacin ya dace. Na tuna wani suna da aka yi a unguwar 220 Logements, muna bayan gida muna tuƙa tuwo a babbar tukunya. Tuwon ya yi bul ya fantsamo wa ƙawata Hasana a dantse. Kika kama hannun kina zuba masa ruwan sanyi, idonki kuwa yana kan tukunya. Kika ce mu duba: kunu in ya tafasa malala yake yi ya bi gefen tukunya, tuwo kuwa riƙe tururi yake yi har ya fashe. Haka duwatsu masu aman wuta suke. Wanda narkakkensa ke da ruwa-ruwa, malala yake yi ya tafi nesa, wani ya zo ya hau kan wani, har a sami tudu mai faɗi irin na ƙasar Biu. Mai kauri kuwa toshe bakinsa yake yi, iska ta taru ta yi bindiga, toka da tsakuwa su zubo su gina tsauni mai tsini.

Hasana ta ce, “Tanti, hannuna fa!”

Kika ce, “Ai shi nake riƙe da shi. Kunnenki kuma ba abin da ya same shi.”

Kika ci gaba. In wutar ta mutu, wani lokaci abin da ya daskare a maƙogwaron tsaunin ya fi jikin tsaunin tauri, sai jikin ya zaizaye ya bar shi tsaye shi kaɗai kamar taɓarya, irin waɗanda ke ƙasar Kapsiki a kan iyakar Kamaru da Nijeriya. Wani lokaci kuma bakin ne ke cika da ruwa ya zama tafki. Tuwon ranar ya kama ƙasa, maigidan ya yi mita, amma har yau Hasana in ta nuna tabon sai ta ce nan ne dutse ya yi mata amai.

Duwatsun da suka cika ɗakin nan na makaranta, ba da kuɗin kowa aka saye su ba. Mu muka kawo su. Duk wanda zai yi tafiya a cikinmu ya zo sallama, sai ki ce, “Kada ka kawo mini turare, kada ka kawo mini leshi. Tsarabata dutse, amma ka riƙe sunan wurin da ka ɗauka.” Mutanen da ba su taɓa duban ƙasa ba sai in kuɗi ya faɗi, kin sa sun koyi tsayar da mota a daji suna tsintar duwatsu. Malam Kailu, direban babbar mota da ke zuwa Agadas, ya ce a kan iyaka an taɓa kwance masa rawani don an ga ya naɗe wani abu mai nauyi a ciki, da aka ga dutse ne sai aka fi tsananta bincike, don ba wanda ya yarda mai hankali zai yi dakon dutse ya ƙetare ƙasashe. Wani ya kawo miki daga narkakken da ya malalo daga tsaunin Kamaru ya tare hanyar mota. Wata Hajiya ta kawo baƙi mai huji-huji daga bayan garin Madina, mata suka yi layi za su shafa, kika bar su suka shafa, sannan kika ajiye shi kusa da na Biu kika ce su nuna miki bambanci. Yaya Shamsuddin ma ya taɓa kawo nasa. Ya manta bai tsinto ba a tafiyarsa, sai ya ɗauki tsakuwa a bayan sitonsa na Treichville ya ce daga arewa take. Kika juya ta sau ɗaya kika ce, “Shamsu, wannan da ni aka auna ta kafin a zuba ta a wurin nan. Ka gaishe mini da ita.” Shi da kansa ya yi ta ba da labarin yana dariya.

Abin da za a fi tunawa da ke a gidajenmu kuwa, ba darasi ba ne. A garin da ba dutse, marar lafiyan da aka hana taɓa ruwa yana shan wahalar taimama. Bangon asibiti fenti ne, ƙasa tayil ce, malamanmu kuma sun ce ba a yi da su. Yashin waje ba mai yarda a shigo da shi ɗakin jinya. Ke kika ga wannan. Da kin ji wani namu ya kwanta, mace ko namiji, sai ki zaɓi dutse mai santsi daga ɗakin, ki wanke shi, ki naɗe a ƙyalle, ki hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ki kai masa har gado. Ba kya ajiyewa ki tafi. Sai kin gaya wa majinyacin inda dutsen ya fito, wa ya kawo shi, da yadda ya huce. Na ga tsoffin da suka daina yi wa ’ya’yansu magana saboda ciwo suna tambayarki, “To, shi wannan a ciki ya yi sanyi ko a waje?” In an warke a maido miki, in an rasu iyali su maido. Sau ɗaya kika kai wa limaminmu baƙin gilas ɗin nan, ya juya shi ya ce ai wannan kwalba ce, ba ya halatta. Kika ce ba hannun mutum ne ya narka shi ba, amma ba za ki yi gardamar fiƙihu da mai zazzaɓi ba. Washegari kika kai masa garanit.

Akwai wani baƙin bazalt da Malam Kailu ya tsinto a koramar Timiya cikin duwatsun Abzin, ruwa ya goge shi sumul, girmansa daidai tafin hannu biyu. Shi kika kai wa mahaifinmu, Alhaji Harisu, lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Da shi ya yi sallolinsa na ƙarshe duka. Bayan an yi sadakar bakwai, Yaya Shamsuddin ne ya maido miki da shi da hannunsa, yana kuka kamar yaro. Ina tsaye a bayansa.

Ba ki son a mai da duwatsunki wa’azi. Na taɓa cewa ashe garanit haƙuri yake koya mana, tun da a hankali ya huce ya yi kyau. Kika harare ni kika ce, “Zali, dutse bai san haƙuri ba. Sanyi kawai ya yi. In wa’azi kike so, ga masallaci can.” Saboda haka ba zan ce komai a nan game da zuciyar da ta taurare ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Bayan ƙaramar salla jikinki ya tsananta. Ciwon suga ya taɓa ƙafa, ya taɓa ido, aka naɗe ki da bandeji aka ce kada ruwa ya kusance ki. Kika ce mini in je makaranta in ɗauko miki na Timiya. Na je. Na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin, na leƙa ta taga na ga katan-katan na tumatirin gwangwani har rufi. Maigadi ya ce kwantenar Alhaji Shamsuddin ce ta iso, sitonsa ya cika, sai ya turo ’yan dako ya ce a share ɗakin na ɗan lokaci. ’Yan dakon ba su san komai ba. Sun ga duwatsu, sun ɗauka ragowar gini ne, suka kwashe suka zube a bakin ƙofar makaranta. Ruwan sama ya sauko ya wanke ’yan takardun da ke manne a jikinsu. Kafin magariba ba ko ɗaya a wurin.

Ban kira kowa ɓarawo ba, kuma ba zan kira ba. A Adjamé dutsen da aka yar a bakin hanya arziki ne. Mai tumatir yana son abin danne tamfol in iska ta taso. Mai suyar aloko, wato soyayyar ayaba, tana son murhu. Mai wotoro yana son abin da zai tokare ƙafar amalankensa a gangare. Mai kumfar nan da ya ƙi nutsewa a bokiti kuwa, kowace mace ta san maganin kaushi ne. Ke kika ce duk dutsen garin nan wani ne ya kawo shi. Mutane sun ga an kawo, sun gode Allah, sun ɗauka.

Na rufe shago na shiga kasuwa ina duban ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. A gangaren da ke bayan masu goro na hango shi, a ƙarƙashin tayar wata wotoro da aka loda wa buhunan albasa. Na ce wa mai ita ya ɗaga. Ya dube ni ya ce, “Madam, caillou ne fa, dutse kawai.” Na ce na sani, da shi ubana ya yi salla. Ya kira abokinsa suka tare amalanken da kafaɗa, ya zaro dutsen, ya goge shi da rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na wanke shi da sabulu har sau uku kafin in kai miki, amma ban iya ɓoye inda taya ta ɓantare masa gefe ba. Idonki ya riga ya tafi, sai yatsu. Kika shafa shi, kika tsaya a kan ɓantaren.

Kika ce, “Wannan ya yi aikin ƙarfi. Ina ya je?”

Na gaya miki duka, don ban taɓa iya yi miki ƙarya ba. Na shirya jin kuka. Sai kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce, “Ashe sun shiga gari. Mai kumfar fa, ƙafar wa ta samu?” Kika sa na kira Ni’ima, malamar da ta gaje ki a ajin, kika kama yatsanta kika ɗora a kan ɓantaren kika ce ta duba da kyau, bayan dutse ƙarya yake yi saboda rana da ruwa, sai an fasa ake ganin ainihin ƙwayarsa, ta nuna wa yara wannan gefen. Can kika ce, “A ina za ta nuna musu?” Kika buga tafinki a kan dutsen, kika shafi fuska, kika shafi hannuwa, kika yi la’asar a kwance. Da za mu tafi na tambaye ki ko akwai saƙo zuwa ga Yaya. Kika ce, “Ki gaishe shi.” Na isar. Ya aiko da kwandon lemo da ayaba. Shi bai zo ba.

Makonnin da suka rage miki, aiki kika yi. Ni da Hasana da Malam Kailu muna bin rumfuna da lunguna, abin da muka samo mu kawo asibiti a jaka, ki shafa ki faɗi sunansa da garinsu da wanda ya kawo shi, Ni’ima ta rubuta a jikinsa da fenti. Ba wanda ya hana mu. Mai aloko da ta ji ko na wace ce, ta sauke kaskonta da mai yana tafasa ta ciro guda uku baƙi ƙirin da hayaƙi, tana ta cewa yako, yako, wato sannu. Mai kumfar ya dawo saura rabi. Na Madina har yau ba a gan shi ba. Abin da muka tara bai fi rabin na dā ba, kuma akwai waɗanda suka zo bayan bakinki ya rufe, su ba mai sanin garinsu har abada. Yanzu duk suna cikin buhunan shinkafa a ƙarƙashin kantar shagona. Ni’ima tana koya wa yara garanit da bazalt da hoton waya. Yaran da aka haifa a kan yashi, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin garin iyayensu ba, ɗakin nan ne kaɗai inda suke ɗaukar Damagaram da Abzin a hannu su ji nauyinsu.

Na sami Yaya a ofishinsa tun kina da rai. Ya ce na ɗan lokaci ne. Ya ce, “Zali, duwatsu ne fa, ki bar ɗaga murya a gaban yarana.” Ranar zaman makoki kuma ya miƙe a gaban jama’a ya ce ƙungiya za ta manna allo mai ɗauke da sunanki a ƙofar makaranta. Na je na ga allon wurin mai yin sa. Tayil ne da aka yi wa zanen dutse. Da kina nan da kin ƙwanƙwasa shi da farce kin ce a gaishe miki da kamfanin.

Allah ya jiƙanki, Tanti Haulatu. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sanyaya miki makwanci. Duk sallar da wani majinyaci ya yi da dutsen da kika kai masa, Allah ya sa ladarta a mizaninki. Duk yaron da ya yi tambaya ba ki kore shi ba, Allah ya sa ya zama shaida gare ki ranar da ba wani mai shaida sai ayyuka. Allah ya haɗa ki da iyayenki da maigidanki a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta’aziyyata ga ’ya’yanki, Ja’afaru da Ummul-Khairi, da jikokinki, da danginki na Damagaram, da Ni’ima da ɗalibanta, da duk direba da ɗan kasuwa da Hajiyar da suka taɓa duƙawa a ƙasar wasu suka tsinto miki tsaraba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura kai, Yaya. Ka san ban taɓa kiran sunanka gatsau ba, kuma ko a nan da girmamawa nake magana. Iyalinta sun sa sadakar arba’in ranar Lahadi, 15 ga Yuni. Kafin a shimfiɗa tabarmin farko a ranar, ina son tumatirinka ya bar ɗakin, a mai da kantocin jera duwatsu inda suke, a ba Ni’ima makulli a hannunta. Allon ka riƙe abinka. In ka yi haka, ni da kaina zan yi dakon buhunan, ba kuma zan ƙara tayar da maganar ba, ko a gida ko a waje.

In ranar ta wuce ɗakin yana rufe, to Asabar ɗin da ke biye za ka same mu a ƙofar ofishinka na Treichville. Malam Kailu ya ce zai kawo mu. Zan shimfiɗa tabarma, Ni’ima ta jera duwatsun, yara su zauna, a yi darasi a nan inda abokan cinikinka ke shiga da fita. Ba zagi, ba ihu. Kowane dutse za a faɗi yadda ya huce, da wanda ya kawo shi, da inda aka tsinto shi bayan an share ɗaki. Haka za mu yi kowace Asabar, ko ana ruwa, har ka buɗe.

Na Timiya kaɗai ba zai je ba. Ummul-Khairi ta maido mini da shi bayan sadakar bakwai, yana nan naɗe a ƙyallensa, kuma tun daga ranar ya kwana a gadon asibiti biyu. Aikin bai mutu da mai shi ba. Kai ma wata rana za ka kwanta, Yaya, kamar yadda Baba ya kwanta, a ce kada ka taɓa ruwa. Ko ka buɗe ɗakin ko ba ka buɗe ba, ranar zan wanke shi in kawo maka har gado, don haka ta koya mini. Za ka ji ɓantaren a tafinka. In ka tambaye ni ina ya je, zan gaya maka.

Zalihatu Harisu
Kasuwar Adjamé, Abidjan